Kamun Jirgin U-505: Sirrin Gwamnati da Haƙƙin Fursuna



An nemi mu yi magana a kan wani al'amari na Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffinmu suka fi sani da sunan Yaƙin Hitila. Sai muka bar manyan fagage irin su Bama da Alamen, muka zaɓi labarin jirgi guda ɗaya tak da mutum 58 da aka tsamo daga teku, ba da nisa da gaɓar Afirka ta Yamma ba, ran 4 ga Yuni, 1944. Dalilinmu shi ne, galibin waɗanda ke zaune a wannan zaure, in Allah ya yarda, aikin gwamnati za su shiga, wasu ma sun riga sun shiga. Za a sa su rantsuwar riƙe sirri, za a miƙa musu fayil mai jan hatimi a ce kada ya wuce teburinsu. Labarin nan kuwa yana ɗauke da tambayar da ta shafi duk mai irin wannan aiki, watau idan sirrin gwamnati ya yi karo da dokar da gwamnatin ta sa wa hannu da kanta, wanne zai kauce, kuma wa zai biya kuɗin ɓarnar.

Ingila tsibiri ce, a wancan lokaci ba ta noma abin da zai ci da ita, kuma ba ta da man fetur. Abincinta da man jiragenta da ƙarafan masana'antunta duk ta ruwa suke zuwa. Jamusawa suka gane cewa in sun yanke wannan hanya, yunwa za ta yi musu abin da bindiga ta kasa. Saboda haka tun daga 1939 suka baza jiragen ƙarƙashin ruwa a Tekun Atlantika, a ƙarƙashin Adimiral Karl Dönitz, suna nutsar da jiragen kaya. Kada mu ɗauka abin can nesa ya faru. Gyaɗar da aka yi dala da ita a Kano, da manjan kudu, da kuzar Jos, wadda Ingila ta matsu da ita bayan Japanawa sun kama Malaya a 1942 har aka riƙa tilasta wa talakawa aikin haƙarta, duk a Ikko da Fatakwal ake lodinsu. Daga nan jiragen su nufi Firitawun ta Saliyo, inda ake haɗa su ayari guda a ba su rakiya zuwa Ingila. Jamusawa sun san wannan hanya sarai. A daren 30 ga Afrilu zuwa wayewar 1 ga Mayu, 1943, jirgi ɗaya nasu mai lamba U-515 ya nutsar da jiragen kaya 7 daga ayarin da ya taso daga Takoradi zuwa Saliyo.

Ya kamata mu fahimci yadda jirgin nan yake, don abin da zai zo gaba ya zauna mana. Ko da yake ana kiransa jirgin ƙarƙashin ruwa, mafi yawan tafiyarsa a bisa ruwa yake yi, da injin dizal. In ya nutsa, injin dizal ba ya aiki domin babu iska, sai a koma kan batir, batir kuwa ba ya daɗewa, kuma gudun jirgin ya ragu ƙwarai. Tilas ne ya riƙa tasowa yana cajin batir yana shaƙar iska, a nan ne kuwa jiragen sama ke samunsa. U-505 tsawonsa ƙafa 252 ne, amma injuna da batura da nakiyoyi sun cinye kusan duk wurin. Mutum kusan 60 suke zama a ciki wata biyu ko uku, babu wanka, gado ɗaya mutum biyu, wannan ya tashi wancan ya kwanta. Cikin Jamusawa kimanin 40,000 da suka fita yaƙi a irin waɗannan jirage, kusan 30,000 ba su koma gida ba. Babu wani sashe na sojan Jamus da mutuwa ta yi wa irin wannan ɗiba. Galibinsu kuma samari ne, tsarar waɗanda ke zaune a gabanmu.

An ƙera U-505 a Hambug, ya fara aiki a watan Agusta na 1941. Farautarsa ta farko ta sosai a ruwan Afirka ta Yamma ya yi ta, tsakanin Fabrairu da Mayu na 1942, inda ya nutsar da jirage 4. Ɗaya daga cikinsu jirgin Amurka ne mai suna West Irmo, wanda aka harba ran 3 ga Afrilu, kuma waɗanda suka halaka a cikinsa 'yan lodi ne baƙar fata da jirgin ya ɗauko a bakin gaɓa. Muna faɗar wannan ne don kada tausayin da za mu nuna wa ma'aikatan U-505 a gaba ya sa a manta abin da suka fito yi. Kisa suka fito yi, sun kuwa yi, jirage 8 suka nutsar gaba ɗaya. Daga nan sa'a ta juya musu baya. Ran 10 ga Nuwamba, 1942, kusa da Tirinidad, wani jirgin saman Ingila ya jefa musu bam daga kusa ƙwarai, har ƙarfin fashewar ya tarwatsa jirgin saman da duk mutanen cikinsa. U-505 ya ja jiki da ƙyar ya koma tashar Lorient a Faransa, aka yi wata shida ana gyara. Bayan gyaran ma, duk fitar da ya yi sai ya komo cikin 'yan kwanaki da wata matsala, domin Faransawa masu aiki a tashar suna yi wa jiragen zagon ƙasa. Sauran sojoji suka mai da shi abin ba'a. Ran 24 ga Oktoba, 1943, ana tsakiyar yi musu ruwan bama-bamai a ƙarƙashin teku, kwamandan jirgin, Peter Zschech, ya harbe kansa a gaban mutanensa. Mataimakinsa ne ya mai da jirgin gida.

Sai aka ba Harald Lange jirgin, mutum mai shekara 40, tsohon ma'aikacin jiragen kasuwanci, dattijo ke nan a cikin wannan sana'a ta samari. Ya bar tashar Brest ran 16 ga Maris, 1944, ya komo ruwan Afirka ta Yamma, ya yi makonni yana sintiri bai sami ko jirgi ɗaya ba. Wannan abin godiya ne a gare mu, domin a tsakiyar shekarar nan ne sojojin Runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda 'yan Arewa ke da yawa a cikinsu, suka hau jiragen ruwa zuwa Indiya a kan hanyarsu ta Bama, kamar yadda Runduna ta 81 ta yi a 1943. Da mai ya fara ƙarewa, Lange ya juya akala ya nufi arewa.

Abin da Lange bai sani ba, Dönitz ma bai sani ba, shi ne ana karanta wasiƙunsu. Dönitz daga hedkwata yake juya jiragensa ta rediyo, su kuma suna aiko masa da rahoto. Duk saƙon ana murɗa shi da wata na'ura mai suna Enigma, mai kama da keken rubutu. In ka danna harafi, wutar lantarki ta bi ta cikin wasu faya-fayai masu juyawa, wani harafi dabam ya haska, kuma da kowace dannawa faifai ya gusa, ta yadda harafi guda ba ya tsayawa a kan kama guda. Jamusawa sun yi imani babu mahalukin da zai warware wannan. Amma masanan lissafi na Polan sun fara warware ta tun 1932, suka miƙa wa Ingila da Faransa iliminsu a 1939, Ingilishi kuma suka ci gaba a wani gida mai suna Bletchley Park. Ran 1 ga Fabrairu, 1942, sojan ruwan Jamus suka ƙara faifai na huɗu, Bletchley ta makance wata goma, jiragen kaya suka yi ta nutsewa. Ba a sake gani ba sai da wasu Ingilishi uku suka yi iyo suka shiga U-559 yana nutsewa a Bahar Rum ran 30 ga Oktoba, 1942, suka fito da littattafan sirri. Biyu daga cikinsu, Tony Fasson da Colin Grazier, jirgin ya tafi da su. Daga Disamba ta wannan shekara aka koma karanta saƙonni, kuma a watan Mayu na 1943 kaɗai Jamus ta yi hasarar jiragen ƙarƙashin ruwa 41. Dönitz ya sha yin zargi, ya sa aka yi bincike, masanansa suka riƙa tabbatar masa Enigma lafiyarta lau. Wannan ruɗi nasa shi ne dukiya mafi tsada da Ingila da Amurka suka mallaka a teku.

Yanzu sai Kyaftin Daniel Gallery na sojan ruwan Amurka, mutumin Shikago, kwamandan Guadalcanal, wani ƙaramin jirgin ruwa mai ɗaukar jiragen sama, tare da jiragen rakiya 5: Pillsbury, Pope, Flaherty, Chatelain da Jenks. Aikinsu farautar jiragen ƙarƙashin ruwa. Ran 9 ga Afrilu, 1944, suka nutsar da U-515 ɗin nan da muka ambata. Gallery ya lura cewa bayan jirgin ya taso mutanensa sun yi tsalle cikin ruwa, ya ɗan jima yana yawo kafin harsasai su kai shi ƙasa. Sai ya tambayi kansa, me zai hana a daina harbi a hau shi? Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka kafin su sake fita daga Norfolk a tsakiyar Mayu ya umarci kowane jirgi ya ware mutanen hawa, su yi ta gwaji da kwalekwale, a kuma ajiye igiyar ja a kusa. Daga Washinton ana aiko masa da kintacen inda jirgin abokan gaba yake, ba tare da an buɗe masa tushen labarin ba. Ya yi kwanaki yana nema bai samu ba, mai ya ja baya, ya haƙura ya nufi Kasabalanka.

Ran Lahadi 4 ga Yuni, da ƙarfe 11 da 'yan mintoci na safe, kimanin mil 150 daga gaɓar Rio de Oro, inda yau ake kira Yammacin Sahara, na'urar sauraren ƙarƙashin ruwa ta Chatelain ta ji motsi. Jiragen sama biyu da ke shawagi suka hangi inuwar jirgin a cikin ruwa, suka riƙa harbin wurin don su nuna wa Chatelain inda zai zuba gangunan nakiya. Gangunan suka fashe kusa, wuta ta ɗauke a cikin U-505, sitiyarin baya ya maƙale, mutanen ɗakin baya suka ruga gaba suna ihu cewa ruwa ya shigo. Lange ya ba da umarnin a taso. Duk wannan bai kai minti 7 ba. Da ya buɗe ƙofar sama ya fito sai harsashi ya same shi, mataimakinsa ma haka. Gallery ya riga ya ce a yi amfani da ƙananan bindigogi kawai, waɗanda za su kori mutane ba su huda jirgi ba. Mutum ɗaya ya mutu, Gottfried Fischer. Sauran suka faɗa ruwa. Ƙa'idar sojan ruwan Jamus ita ce kada a bar jirgi sai an kunna nakiyoyin da aka dasa don tarwatsa shi, amma cikin ruɗani babu wanda ya kunna. Wani saurayi makanike, Hans Goebeler, shi ne ya cire murfin wani bututu mai shigo da ruwan teku, ya ajiye murfin nan kusa, ya bi 'yan'uwansa.

Jirgin ya ci gaba da tafiya shi kaɗai, yana zagaye wuri guda saboda maƙalallen sitiyari, gindinsa na nutsewa. Laftanan Albert David na Pillsbury da mutum 8 suka bi shi a kwalekwale, suka tare shi, suka haye. Mu tsaya mu auna abin da ke gabansu. Ba su san ko akwai mai bindiga yana jiransu a ƙasa ba. Ba su san ko agogon nakiya na tafiya ba. Rubutun da ke jikin famfunan kuma duk Jamusanci ne. Duk da haka David ya zura kai cikin ramin. Wasu suka nufi ɗakin rediyo suka yi ta miƙo littattafai da taswirori, wani kuma mai suna Zenon Lukosius ya ga ruwa na tuɗowa, ya laluba ya sami murfin da Goebeler ya ajiye, ya mayar ya ɗaure. Da Goebeler ya jefa murfin nan can ƙarƙashin injuna, da yau babu wannan jawabi. Daga baya babban injiniyan Guadalcanal, Kwamanda Earl Trosino, ya shiga ya yi sa'o'i yana rarrafe cikin ruwa da baƙin mai yana bin bututu ɗaya bayan ɗaya. Shi ne ya yi dabarar raba farfela da injin dizal, ta yadda in ana jan jirgin ruwa zai juya farfela, farfela ta juya mota, mota ta yi cajin batir, a sami wutar tayar da famfunan fitar da ruwa.

Pillsbury ya matso don ya ja shi, fiffiken gaban U-505 ya farke masa ciki, dole ya ja da baya. Guadalcanal ya karɓi igiya, yana ja jiragen sama na tashi da sauka a bayansa. Dakar ce tasha mafi kusa, amma aka hana, don gudun kada labari ya fita ta bakin 'yan leƙen asiri. Aka turo jirgin mai da jirgin ja, aka ratsa teku zuwa Bamuda, aka isa ran 19 ga Yuni. Rabon sojan ruwan Amurka da kama jirgin yaƙin abokan gaba a tsakiyar teku tun 1815. An sami na'urorin Enigma 2, da takardu masu nauyin laba wajen 900, da sabuwar nakiyar nan mai bin ƙarar farfela.

Gallery yana jiran yabo, amma a Washinton babban kwamandan sojan ruwa, Adimiral Ernest King, ya fusata har ya yi tunanin kai shi kotun soja. Ga dalilinsa. In Dönitz ya ji an kama jirginsa da na'ura da littattafai, zai canja mabuɗai nan take, mai yiwuwa ya canja tsarin baki ɗaya, a koma makantar 1942. Lokacin kuwa ba zai fi haka muni ba, domin bayan kamun da kwana biyu, ran 6 ga Yuni, sojojin ƙawance suka sauka a Nomandi, kuma duk abincinsu da harsashinsu ta ruwa zai riƙa bin su. A nan akwai abin lura ga ma'aikaci. Gallery bai saɓa wa kowa ba, bai ɓoye shirinsa ba, ƙwazo ya nuna a iyakar abin da aka bari ya sani. Ofishin da ke ɓoye wa na ƙasa dalilin aiki, ya shirya wa ranar da na ƙasa zai taka abin da ba a gaya masa yana wurin ba. Ba a kai shi kotu ba, domin shari'ar kanta za ta tona abin da ake rufewa. Aka shafe U-505 da fenti irin na jiragen Amurka, aka sa masa suna Nemo. Gallery ya tara mutanensa, wajen 3,000, ya karɓe duk tsarabar da suka ɗebo, ya ce kowa ya kame bakinsa. Sun kuwa nuna cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, babu wanda ya yi suɓul da baka har yaƙi ya ƙare.

Saura mutum 58 waɗanda ba su yi wa Amurka rantsuwar komai ba, kuma sun ga jirginsu a ɗaure da igiya da idanunsu. Amurka da Jamus duka sun sa hannu a Yarjejeniyar Janeba ta 1929 a kan fursunonin yaƙi. Sashe na 8 ya ce kowane ɓangare ya sanar da ɗayan sunayen waɗanda ya kama ba tare da jinkiri ba. Sashe na 36 ya ce cikin mako guda da isar fursuna sansani a bar shi ya aika wa iyalinsa kati, ya gaya musu an kama shi da kuma halin lafiyarsa. King ya ba da umarni a ajiye wannan duka. Lange aka bar shi asibiti a Bamuda, inda aka yanke masa ƙafa. Sauran aka kai su sansanin Ruston a jihar Luwiziyana, aka killace su dabam da sauran fursunonin Jamus, aka hana wakilan Red Cross ganinsu, wasiƙun da suka rubuta kuma ba su bar sansanin ba. Ba a azabtar da su ba, an ci da su, an sa su tsinkar auduga, masu gadi har sun koya musu wasan ƙwallon sanda na Amurkawa. Amma sun san abin da ake yi musu, sun kuma yi ƙoƙarin fasa shi. Sun haɗa balan-balan da jakunkunan leda, suka cika su da iskar da suka samo daga sinadarin wanke-wanke, suka maƙala takardu masu lambar jirginsu suka sake su bisa shinge. Babu wadda ta kai inda suke so. A Jamus kuwa, da aka daina jin ɗuriyar U-505, hukumar sojan ruwa ta rubuta wa iyaye da mata cewa su ɗauka mutanen sun mutu. Aka yi makoki a gidaje fiye da hamsin a kan rayayyu.

Ba za mu yi wa King rashin adalci ba. Hujjarsa mai ƙarfi ce, kuma duk wanda ya ce bai ga ƙarfinta ba bai duba ba ne. A gefe guda ga baƙin cikin gidaje hamsin da 'yan kai, baƙin cikin da zai juye farin ciki wata rana. A ɗaya gefen ga rayukan dubban ma'aikatan jirgi da sojoji, har da namu da ke kan hanyar Indiya, waɗanda in sun nutse ba su dawowa. Kati guda mai ɗauke da kalma ɗaya ta ishara ya isa. Ko da an tace wasiƙun, jerin suna 58 daga jirgi ɗaya zai sa Dönitz ya tambaya yadda aka yi kusan kowa ya tsira. Gaba kura, baya sayaki. Da an sa mu a kujerarsa a wannan mako, ba mu da tabbacin za mu yi dabam.

Duk da haka muna ganin akwai abubuwan da hujjar ba ta wanke ba. Ingilishi sun gamu da irin wannan tun ran 9 ga Mayu, 1941, lokacin da suka hau U-110 kudu da Aisilan suka ɗauko Enigma. Abin da suka fara yi shi ne gaggauta shigar da fursunonin cikin jirgi inda ba sa ganin waje, saboda haka mutanen suka tafi da imanin jirginsu ya nutse da sirrinsa, ya kuwa nutse kashegari ana cikin jansa. Sirri ya tsira, ba a bukaci a shafe sunan kowa daga cikin rayayyu ba. Watau larurar da ta sa aka keta doka a 1944 Amurka ce ta jawo wa kanta ita, da ta bar kwamandanta ya shirya kamu ba a shirya masa abin da za a yi da shaidu ba, sa'an nan aka miƙa wa matan wasu da iyayen wasu takardar biya. Ribar ma ba ta kai yadda aka daɗe ana kururutawa ba. A tsakiyar 1944 an riga ana karanta saƙonnin Dönitz kusan kullum. Littattafan U-505 sun rage wa masu warwarewa wahala na ɗan lokaci, nakiyar ta taimaka wajen gyara hanyar kauce mata, amma ba su canja alƙiblar yaƙi ba, kamar yadda kowa ya gane bayan an fara buɗe labarin Bletchley a 1974.

Abin da ya fi damunmu shi ne yadda aka yanke hukuncin. Mutum guda a ofis guda ya duba yarjejeniyar da ƙasarsa ta ɗaure kanta da ita, ya ce a wannan karo ba ta hau kanmu ba, babu alƙali, babu majalisa, kuma bayan yaƙi ba a kira kowa ya yi bayani ba. Dokar fursuna ba ta da ɗan sanda, abin da ke riƙe da ita shi ne kowane ɓangare na tsoron a rama a kan nasa. An ga misali a Oktoba ta 1942, lokacin da Jamus ta sa wa fursunonin Ingila da Kanada ankwa bisa zargin an ɗaure hannun sojojinta a harin Dieppe da na tsibirin Sark, Ingila ta rama, Jamus kuma ba ta kwance nata ba sai a Nuwamba ta 1943. Da labarin Ruston ya kai Balin, akwai dubban Amurkawa a sansanonin Jamus da za a iya hucewa a kansu, abin da ya ci Doma kuwa ba ya barin Awai. King ya yi caca da su ma ba da saninsu ba, ya kuma ci. Amma kalmar da ya yi amfani da ita, larurar tsaro, ita ce dai kalmar da muka ji a bakin gwamnatoci da yawa, a nahiyarmu da wajenta, duk sa'ad da aka ɗauke mutum da dare aka ce wa iyalinsa ba a san inda yake ba. Nasa dalilin na gaskiya ne, na galibinsu ƙarya ne, sai dai daga waje babu mai iya bambancewa, tun da an rufe ƙofar da za a leƙa. Ma'aikacin da za a kawo wa irin wannan takarda ya sa hannu, aƙalla ya tambaya wa ya ba da izni, a ƙarƙashin wace doka, har zuwa yaushe, kuma wa zai duba daga baya.

Jamus ta miƙa wuya ran 8 ga Mayu, 1945, ran 16 ga watan Amurka ta sanar da duniya labarin U-505. A lokacin ne hanya ta buɗe iyalai su ji cewa waɗanda suka yi wa makoki suna nan da rai. Ba a sake su nan da nan ba, an wuce da su Ingila aiki, na ƙarshensu sai a 1947 suka taka ƙasar Jamus. An ba Albert David lambar yabo mafi girma ta sojan Amurka, amma ciwon zuciya ya kashe shi a Satumba ta 1945 kafin a rataya masa, matarsa ce ta karɓa. A 1949 aka sake rubuta yarjejeniyar fursunoni, Sashe na 70 ya ce fursuna ya aika kati ga iyalinsa, ya kuma aika wani kai tsaye ga babban ofishin rajista, don kada labarinsa ya dogara ga wanda ya kama shi kaɗai. Jirgin kuwa, sojan ruwa sun so su mai da shi abin gwajin harbi, Gallery da mutanen garinsu suka tara kuɗi suka jawo shi ta Kogin St. Lawrence da manyan tafkuna zuwa Shikago a 1954. Yana nan a gidan ajiye kayan kimiyya da masana'antu na birnin, cikin wani ɗaki da aka gina masa a ƙarƙashin ƙasa aka buɗe a 2005. Hans Goebeler, wanda ya cire murfin bututu, da ya tsufa sai ya ƙaura Amurka ya zauna kusa da jirgin, ya rubuta tarihin zamansa a cikinsa kafin ya rasu a 1999.